Asher Ya Sa Hannu Bayan Mun Binne Shi

Anti Ƙauna, ki taimake ni kafin in fasa kwamfutar nan.

Ƙanena Asher ya rasu a watan Maris, muka binne shi a Fadan Kaje. Shekara uku ya yi yana aiki a wata manhaja ta kyauta, irin wadda kowa ke iya ƙara nasa a ciki. Shi ya sa mata yaren Jju. A watan Yuli na buɗe kwamfutarsa ina neman hotuna, sai ga saƙo daga masu manhajar: duk wanda bai sa hannu ya miƙa musu haƙƙin mallakar aikinsa ba cikin sati biyu, za a cire aikin. A cire! Mutanen da ko gaisuwar rashi ba su aiko ba. Shekara ashirin da huɗu ina koyar da adabi, na karanta takardar sau biyu, na gane ta sarai. Duk da haka na rubuta sunansa, na danna maɓallin amincewa.

Sai ga godiya ga Asher, da kwanan wata: wata huɗu bayan mun rufe shi da ƙasa. Tun ranar suke turo masa tambayoyi, ɗaya har yana tsokanarsa wai ya yi shiru. A coci in na rufe ido don addu'a, kwanan watan nan nake gani. Matarsa Rosemary ba ta sani ba.

Yayar marigayi, Kafanchan

'Yar'uwa, sannu da rashi. Kin yi ne don kada aikinsa ya bi shi kabari, na gane. Amma su ma masu manhajar ba mugunta suka yi ba: ba wanda ya gaya musu ya rasu, kuma suna neman sa hannun ne don kada wani ya taso gobe ya hana jama'a amfani da manhajar.

Dannawar nan sa hannu ne kamar na biro, kuma ba naki ba ne. Haƙƙin yana hannun magadansa. Ki je wurin Rosemary da ƙafarki, ba ta waya ba, ki faɗa mata. Ku nuna wa lauya takardar. Sannan ki rubuta wa masu manhajar da sunanki, ki haɗa da shaidar rasuwa, ki nemi a soke sa hannun Yuli, a bai wa magada lokaci su yanke shawara.

Wanda ke tsokanar nan abokinsa ne, har yau yana jiran amsa. Ki sanar da shi rasuwar, ki bar shi ya yi makokinsa. Allah ya ta'azantar da ku.