Inna Ta Ƙi Kiran Sunanka

Yaya Sale,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan gaya wa? Kai ne ka biya mini kuɗin mota zuwa jami'a na karanto halayyar ɗan Adam, kai ne kuma ka laƙaba mini likitan surutu. To, likitan surutu ya gaza a gidansu.

An yi girbi a garinmu Basirka, dawa ta yi kyau. Babur ɗin da ya kashe ka yana zaure, ba mai son taɓa shi.

Inna ce damuwata. Wata biyar ke nan ba ta zubar da hawaye ba. Kai ɗan fari ne, kunya ta hana ta kiran sunanka kana raye, yanzu ta hana ta kukanka. Masu ta'aziyya sai yaba mata suke, wai ta cika mai haƙuri. Wane haƙuri? Ba ta cin abinci, zanenta ma ba ya zama a ƙugu.

A ofishina na Birnin Kudu magidanta na zuwa fuska a ɗaure. Ba na yi musu wa'azi, shiru nake yi ina saurare har su amayar da abin da ke cinsu. Amma da na zo kan Inna sai na yi gaggawa. Na zauna gabanta kamar baƙo, na ce ta faɗi sunanka ko sau ɗaya, za ta ji sauƙi. Haka littafi ya ce. Ta dube ni kamar na tuɓe a kasuwa, ta yi sati uku ba ta amsa gaisuwata. Haushin kaina nake ji, da na mutanen garin nan, har da naka. Gudun me kake yi a kan hanya?

Jiya tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta tambaye ni ko wancan, wato kai, ya ce wani abu a asibiti. Abin da na yi wata biyar ina jira ke nan, Yaya. Amma da na dube ta sai na ce mata ba ka ce komai ba.

Kwana biyu ka yi kana kiranta. Ni kaɗai na ji. In gaya mata?

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Ƙaninka,
Habu