Finjalin farko na ba Mazin, jikana ya daina waƙa

Assalamu alaikum Anti Barira. Ki taimake ni 'yata, amma ga kacici-kacici tukuna, ke da masu karatu, don ni ko wurin likita na je sai na fara tsokanarsa. Wace dabba ce mai baki huɗu, kukanta ya cika Umdurman har ƙetaren kogi, amma tsohuwa mai haƙori uku ta kashe ta tana zaune a tabarma? Riƙe amsarki. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna na allo ne, boko da girma na tsince shi.

Ina da jika, Salahuddin. A unguwar Alshajara ya tashi wurin dangin uwarsa, cikin Larabci, sai da ɗana ya rasu ya dawo hannuna yana saurayi. Shi da abokansa Mazin da Ɗantani da Ishaku suka kafa ƙungiyar waƙa a tsakar gidana, ƙarƙashin rakuba, rumfar da muke shan iska, shi ya sa ake ce musu 'Yan Rakuba. Shekarun baya babu raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, da ba ta sa waƙarsu, baiti ɗaya Hausa, ɗaya Larabci. Salahuddin ke tsarawa, Mazin ke jan baki, sauran amshi da tafi. Amarya har a unguwar Soba sai ta ɗaga ranar lallenta don ta same su. 'Yan matan da ba su taɓa gaishe ni ba suka dinga zuwa aron turmi.

Kowace la'asar in sun zo gwaji nakan soya gahawa in dafa musu jabana, dafaffiyar gahawarmu ta nan da ake sha a finjali. Kin san finjalin farko na babba ne ko baƙon da ake girmamawa. Kin kuma san wasan kaka da jika: shi ne mijina, malalacin da bai taɓa kawo cefane ba. Sai na riƙa tsallake shi ina miƙa wa Mazin finjalin farko, ina cewa na saki mai muryar ƙofar langa-langa, na yi sabon ango. Ɗantani da Ishaku su yi ta dariya, don ana wannan wasan a gidajensu. Salahuddin ya yi murmushi. Na ɗauka ya gane.

Sai kasuwarsu ta fara ja da baya. Korona ta hana biki, da aka buɗe kuma yara sun koma kiɗan na'ura mai gudu kamar an koro akuya. Daga biki huɗu a mako suka koma ɗaya a wata. Ganin fuskokinsu a murtuke na ƙara wa wasan gishiri, wai in sa su dariya. Rannan wasu masu biki suka aiko cewa Mazin kaɗai suke so. A gabana Salahuddin ya ce masa, “Je ka. Ka haɗa da habboba, dama taka ce.” Habboba, wato kaka da Larabcin nan, ni ke nan. Ya kife finjalinsa ya fita. Ba su sake tsayawa su huɗu ba.

Bayan wata biyar yaƙi ya zo. Mazin ya fita da safe da jarka biyu zai samo wa uwarsa Mawahib ruwa, har yau. Ba gawa, ba labari, kuma ba su shirya da Salahuddin ba. Mun gudu Gadarif, mun dawo bara. Ɗantani yana Masar. Ishaku na tuƙa raksha, in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai.

Yanzu in la'asar ta yi na ɗora jabana, ina jin gyaran murya a gefen randa inda Mazin ke zama, irin wanda yake yi kafin ya ja baiti. In jira baitin, ba ya zuwa. Na yi ayatul kursiyyu, na yi turaren wuta, har na ce in angon ne ya shigo ya gaishe ni mana. Jiya na tarar na zuba finjali huɗu ni kaɗai.

Salahuddin bai ƙara waƙa ba, ko a wurin wanka. Yana sayo min magani, yana gaishe ni, amma ba ya shan jabanata. Ƙanwarsa Iman ce ta faɗa min abin da ya gaya mata, wai shekara shida kakarsa na yanke masa hukunci a gaban abokansa. Nan da kwana goma zai tafi aiki Saudiyya, ni kuwa na haura saba'in da biyar.

Za ki ce in gaya masa wasa ne. Wasa ne, amma Allah na gani Mazin ya fi shi murya. In na musa zai gane, kunnensa ya fi nawa. In na yi shiru haka zai tafi. Me zan ce masa?

Dabbar nan 'Yan Rakuba ce, tsohuwar kuma ni ce.

Kakar Mawaƙi, Umdurman

Wa alaikumus salam Inna.

Kin ɗora wa kanki fiye da rabonki. Ba ke kika kawo korona ba, ba ke kika sauya wa yara kiɗa ba, ba ke kika aika a kira Mazin shi kaɗai ba. Ƙungiyoyin samari da yawa sun watse ba kaka a kusa. Amma ba zan wanke ki tas ba. Wannan wasa sai duka biyun sun san shi, shi kuwa maraya ne da ya zo gidanki yana neman wanda zai ce ya iya.

Kada ki yi masa ƙarya kan murya. Ya sani, shi ya sa ma ya bar wa Mazin jan baki. Abin da bai sani ba shi ne kaka ba ta tsokanar kowa haka sai jikan da ya shiga ranta. Ki kira shi ku biyu, ba Iman, ba zolaya, da Larabci in shi zai fi shigarsa. Ki bayyana masa wasan, ki ce kin yi kuskure da ba ki lura bai san shi ba, ki nemi yafiyarsa. Girmanki ba zai ragu ba. Sannan ki faɗa masa ɗaya gaskiyar, cewa duk baitin da Mazin ya ja, shi ya tsara shi.

Gyaran muryar da kike ji, ina ganin kewa ce ta mutumin da ba a yi masa zaman makoki ba. Ki daina zaman la'asar ke kaɗai, in kuma abin ya fara hana ki cin abinci ki ga likita.

Ina kuma zargin ba ke ce babban nauyin da ke kan Salahuddin ba, maganarsa ce ta ƙarshe ga abokinsa. Ki ce ya raka ki wurin Mawahib ku gaishe ta, ku yi wa ɗanta addu'a tare. Kada ki roƙe shi ya yi waƙa. In ya yi fushi ki bar shi ya yi, yana da sauran kwanakin hucewa a gabanki. Saboda haka gobe za ki yi maganar, ba ranar da yake ɗaure kaya ba.

Allah ya bayyana Mazin, ya sanyaya zuciyar uwarsa, ya kai Salahuddin lafiya, ya dawo da shi ya same ki.

Anti Barira