Agwagin Aro

Asabar, 3 ga Agusta

Yaya ya samu hutun mako guda a wurin aiki, ya ce za a fita da kowa: shi, Anti matarsa, 'yarsu Zabuwa, Umma da ni. Ni na sa wa yarinyar Zabuwa, bakinta ba ya hutawa.

Bayan la'asar aka zauna a falo zaɓen wuri. Anti na goga yatsa a waya tana nuna hotuna. Bakin teku, Yaya ya ce ruwa zai janye Zabuwa. Kan dutse, matakala kamar za a hau sama, ga gwiwar Umma. Babban otal mai wurin ninkaya, Umma ta kalli hoton sau ɗaya ta kawar da kai tana salati. Gidan namun daji, Zabuwa ta toshe hanci tun kafin a je.

Na leƙa wayar, Anti ta janye. Wai, "Auta, kai me ka sani? Duniyarka daga shagon aski sai gida."

Shi ne na gyara murya na ce ai ni na san wurin da babu shi a wayarta. Gidan Agwagi. Tafki ne, bakinsa iya idon sawu, yaro ba ya nutsewa. Ɗakuna duk a ƙasa, ba matakala ko ɗaya. Taga na kallon ruwa. Benci a gindin bishiya, kana zaune agwagi su zo su ci burodi a tafin hannunka. Na ce masu zuwa aski ne suka ba ni labari, ba a tallarsa, sai wanda ya sani.

Anti ta yi ta nema a waya har ta yi gumi. Na shiga banɗaki na yi dariya son raina.

Lahadi, 4 ga Agusta

Na yi niyyar in faɗa musu da safe. Na makara, na fita.

Litinin, 5 ga Agusta

Abin ya ɗan fi yadda na so.

Na dawo cin abincin rana na tarar Umma ta fito da akwatinta daga ƙarƙashin gado tana goge ƙura. Akwatin da tun rasuwar Baba ba a taɓa shi ba. Ta kore gurguwar agwagwar makwabta daga bakin ƙofa da tsintsiya, kamar kullum, sannan ta juyo ta ce, "Na can ba su da ƙazanta irin wannan ko, Auta?" Na ce ai na can wanka suke da sabulu. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa.

Can ta ce, ba ta kalle ni ba, "Tagar nan da ka ce. Daga kan gado ana ganin ruwan?"

Na ce ana gani.

Umma fa. Matar da in ka tambaye ta me take so sai ta ce Allah ya yi muku albarka. Ban taɓa jin ta so wani abu don kanta ba. Sai wannan da babu shi.

Talata, 6 ga Agusta

Yaya ya ce magana ta ƙare, tunda Umma ta zaɓa. Ya kira masu masaukin da Anti ta riga ta yi wa magana ya ce an fasa. Ya dafa kafaɗata, wai yau dai na yi amfani.

Na tashi na bar abincina a kwano.

Alhamis, 8 ga Agusta

Anti ta biyo ni har shago. Ina tsakiyar aske wani, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in ba ta lambar wurin. Na ce tana wurin wani. Wane? Ya yi tafiya. Ina? Nesa.

Ta yi min kallon da Malam ke yi in na tsallake aya ina fatan bai ji ba. Na ajiye inji na ja ta waje na faɗa mata.

Na zaci za ta yi ihu. Da ta yi ihun ma ya fi. Ta ce a hankali, "Ni ka so ka yi wa, na sani. Ka sa min gishiri a shayi, ka ɗaure min takalma, na haƙura. Amma jiya tsohuwar nan ta sa na raka ta sayen takalmin roba na shiga ruwa. Ta gwada kala uku."

Na ce zan gyara. Ta ce da me, da reza? Ta ba ni zuwa Litinin. Ko in samo wuri, ko in durƙusa gaban Umma in faɗa da bakina, ita ba za ta ɗaukar min ba.

Na koma na tarar mutumin da rabin kai yana jira. Na ƙarasa, na yanke shi a bayan kunne. Oga ya ce in je in wanke fuska.

Juma'a, 9 ga Agusta

Duk wanda ya hau kujera yau sai da na tambaye shi. Ka san wani tafki mara zurfi, mai ɗakunan kwana? Wani ya ce akwai, amma kiɗa ake har gari ya waye. Wani ya ce akwai mai kyau, ana hawa da ƙafa rabin yini. Wani ya ce, "Kai Auta, wa za ka jefa a ruwa kuma?" Duk shagon aka fashe da dariya. Ba wanda ya ɗauka da gaske nake.

Oga ma cewa ya yi, "Fuskarka ta tausayi ta fi ta jiya kyau, wa ake shirya wa?"

Ban san haka abin yake daga wannan gefen ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Umma ta faɗa wa matar Tela, makwabcinmu, ta faɗa wa mai kanti, ta faɗa wa mai kawo ruwa. "Autana ne ya samo." Haka take cewa.

Na bi ta bayan layi na shiga gida.

Lahadi, 11 ga Agusta

Wani direban motar kaya da nake wa gyaran gemu ya ce akwai wani tsoho mai gonar kifi, bayan an wuce gada, yana da ɗakuna da yake ba mutane. Na ari babur ɗin Oga na tafi da sassafe. Na ɓata sau biyu. Ƙugu kamar ba nawa ba.

Wurin yana nan. Tafki ne na gaske, gefe ɗaya yashi, na cire takalmi na shiga, ruwan bai kai min ƙwauri ba sai da na yi nisa. Ɗakuna a jere a ƙasa, masu tsabta. Na kwanta a gadon ɗakin ƙarshe don in gani. Bango nake kallo. Na roƙi tsohon muka juya gadon tare, na sake kwanciya. Ruwa. Na daɗe a kwance har ya yi gyaran murya.

Bishiya akwai, benci babu. Na ce agwagi fa? Ya ce, "Agwagi a gonar kifi? Yaro, kana da lafiya?"

Na ba shi labarin gaba ɗaya. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa ba a matsa min ba, ƙila don bai san ni ba. Ya yi ta girgiza kai. Daga ƙarshe ya ce in na kawo agwagin zai killace ƙananan kifin, amma kwana kaɗan, kuma duk wadda ta ci masa kifi ni zai soya.

Litinin, 12 ga Agusta

Na nuna wa Anti hotuna. Ta duba, ta duba, ta ce, "Wannan ɗin akwai shi, ko shi ma daga kanka ya fito?" Sai da ta kira tsohon da kanta.

Ta ce har yanzu gara in faɗa wa Umma. Na ce bayan an dawo. Ta ce, "Matsoraci." Ban musa ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Na je wurin Tela aron agwagi. Ya cire tabarau ya ce in maimaita. Na maimaita. "Wato agwagina za su je hutu, ni ina nan kan keke?" Na yi alkawarin aske shi har ƙarshen shekara, kuma in daina kwaikwayon tafiyarsa a layi. Ya ce na biyun ya fi masa. Ya rantse ba zai faɗa wa matarsa dalili ba.

Na ce ban da gurguwar. Ya ce in babu ita sauran ba sa cin abinci, ita ce uwar tafiya.

Oga ya ba ni bencin jira na shago, ya ce in na dawo da shi a karye in nemi wani aikin.

Juma'a, 16 ga Agusta

Direban nan ya kai mu, ni da benci da kwandon agwagi a bayan mota. Sun yi min kashi a wando tun kafin gada. Na ba su burodi a hannu don su saba, ɗaya ta kama min yatsa.

Na dawo gida, Umma na shara. Ta ce, "Yau gurguwa ba ta leƙo ba. Allah ya sa ba yanka ta suka yi ba." Ashe ma tana sonta.

Asabar, 17 ga Agusta

Mun iso kafin azahar.

Umma ta fito daga mota a hankali, ta tsaya tana kallon ruwan, hannunta a kan baki. Ta shiga ɗakin ƙarshe ta zauna a gado ta kalli taga. Ta sa takalmin robar, shuɗi ta zaɓa, ta fito ta zauna a benci. Na ji kamar an sauke min buhu daga kai. Na ce shi ke nan, na tsira.

Sai ga su. Layi guda daga bakin ruwa, gurguwa a gaba tana ɗingishi. Ba ta kalli burodin hannun Zabuwa ba, ba ta kalli kowa ba, kai tsaye wurin Umma ta nufa ta fara tsattsagar gefen zaninta, yadda take yi a ƙofar gida.

Zabuwa ta ƙwala ihu: "Kaka! Gurguwarmu ce! Ga baƙin ɗigon a wuyanta!"

Yaya ya kalli agwagwar, ya kalli bencin da ya sha zama a kai yana jiran aski, ya kalle ni. Anti ta sunkuyar da kai.

Umma ta gutsuri burodi ta miƙa wa agwagwar. Ta ce, "Ke dai da surutu. Agwagi ai duk kamarsu ɗaya."

Yaya ya ja ni bayan ɗakuna. Bai ɗaga murya ba don kada ta ji. Na faɗa masa komai. Ya ce, "Mu ka saba yi mana. Har uwarka, Auta?" Ya tafi ya bar ni da kifin tsoho suna buɗe min baki.

Ban fito cin abinci ba. Na ce cikina ne.

Lahadi, 18 ga Agusta

Da hantsi Umma ta aiko Zabuwa ta kira ni. Tana kan benci ita kaɗai, ƙafafunta a jiƙe. Ta shiga ruwan ke nan. Na durƙusa a ƙasa, ta ce in hau in zauna, ba kotu ba ce.

Na fara magana ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ran da ka faɗa, na yarda. Yayanka ya ce min anya, na ce masa Auta yana yi wa kowa, ba ya yi min." Ta ƙara da cewa, "Haka na ce masa."

Da mari ta yi min da ya fi sauƙi. Na kalli takalmin robar nan har ya koma biyu-biyu a idona.

Can ta buga bencin da tafin hannu. "Wannan ma na aro ne?"

Na ce na shago ne.

"Gadon fa? Na ga sawun ƙafarsa a ƙasa, an ja shi."

Na ce ni da tsohon ne.

Ta juya ta kalli ruwa. Ta ce, "Da ka zauna shirya ƙaryarka, ba ka sa matakala ba." Ban gane ko faɗa ba ne ko mene ne. Ta tura min ledar burodi ta ce in ba baƙina abinci, tun safe suke kuka, ni na raba su da gidansu.

Litinin, 19 ga Agusta

Yaya bai yi min magana ba tukuna, amma ya miƙo min kofin shayi ba tare da ya kalle ni ba. Anti ta ce in ɗanɗana a hankali, ƙila da gishiri. Babu.

Umma ta yi barcin rana taga a buɗe.

Talata, 20 ga Agusta

Zabuwa ta riƙe min hannu a bakin ruwa ta nuna can tsakiya inda ya yi duhu. "Baba Auta, me ke ciki?"

Amsa ta zo min har kan harshe, a shirye: kada mai haƙorin zinariya, yana cin yara masu surutu. Da ta yi mako ba ta taɓa ko ruwan wanka ba. Mai kyau ce ƙwarai.

Na ce ban sani ba, zo mu tambayi mai gona.

Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ko ba ni da lafiya. Tsohon ya ce tarwaɗa ce kawai da laka. Ba daɗi ko kaɗan, amma ta koma ta shiga ruwan da gudu, kakarta na mata tafi daga kan benci.

Ba wani abu ba ne. Maƙogwarona ne ke ɗan ciwo, doguwar magana wahala take min kwanan nan.

Gobe za mu koma, ni zan zauna a bayan mota da kwandon agwagi.