Kumburin da ke cinyata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna?

Ni lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Makon jiya wani akwati ya zamo daga saman kaya a sito, ya buge ni a cinya. Wurin ya kumbura ya yi baƙi, kamar an cusa min lemo a ƙarƙashin fata. Likita ta ce sunansa hematoma, wato jini ne ya tsiyayo daga jijiya ya taru wuri guda. Na ce ko in gasa da ruwan zafi, ta ce, "Kul! Ƙanƙara za ka sa." Ƙarami yakan baje da kansa, nawa kuwa sai da aka tsaga aka zuƙe.

Ina takawa yanzu, da sanda dai. Kwana uku ina kwance, ba wanda ya leƙo ya ce min sannu da harshenmu.

Kada ki gaya wa Inna. In ta tambaya, ki ce ina cin abinci sosai. A sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta