Muryar Habsa a Cikin Kwalla

Filinge, Litinin

Zuwa ga ɗiyata Najiba, injiniyar Yamai,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aikin buro? Mu nan lahiya lau, ni da akuya.

Bayan haka, akwatin nan da kika girka mana ya mutu. Tun Jumma'a yake ƙwas-ƙwas kamar kaza na tsintar gero a faranti, jiya ya yi tsit. Kin san shi ke sako muryar marigayiya Innarki Habsa kowace sahiya: "Malam, sha maganinka, kada ka yi mini wayo." Yau na sha, amma da ƙyar ya wuce, don ba wanda ya zarge ni.

Ban taɓa komi ba. Ƙyallen da take ruhe rediyo da shi kawai na lulluɓa masa, don ba a barin abu mai daraja tsirara. Ni da aka kora daga lakkwal a aji huɗu, iyakar ilimina ke nan.

Muryarta da hotunanta sun tahi ke nan?

Mahaifinki, Tahiru

Yamai, Laraba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ƙyallen ne ya hana shi iska, zafi ya kashe diskin da ke ciki. Na ba Sule direba sabon diski ya kawo maka. Ka kashe kuran, wato wutar lantarki, ka kwance murfin, ka zare tsohon ka sa wannan. Sai dai sabon fanko ne. Zuwana na ƙarshe kafin Inna ta kwanta ciwo, na kwafe komai a wani ƙaramin diski baƙi, ta ɓoye shi a kwallarta mai furanni. Ka jona shi, akwatin zai kwashe da kansa.

Allah ya ƙara lafiya. Ɗiyarka, Najiba

Filinge, Lahadi

Najiba,

Ina gaisuwa. Na yi wa akwatin tiyata, bai yi kuka ba. Amma kwallar, da aka raba kayan Innarki, ƙanwarta Saratu ta samu, ta tahi da ita Bonkuku. Tun sadakar arba'in ban taka gidanta ba. Ba faɗa muka yi ba. Muryarsu ɗaya ce, in ta ce "sannu Malam" sai in waiwaya ina neman wata.

Jiya na daure na je. Tana ganina ta ce, "Tsohon banza, sai da inji ya mutu ka tuna hanya?" Na ce, "Ke ma in kin mutu zan zo." Ta jehe ni da ludayi.

Diskin kuwa, ta ɗauka layar yayarta ce. Ta kai wa baduku ya ɗinke shi da jar fata, ta rataye bisa ƙofa. Ni na farke ɗinkin. Ban sani ba ko allura ta shige shi. Yanzu na jona, wata 'yar wuta na ƙyaftawa. Ina zaune ina kallonta.

Mahaifinki

Filinge, Talata

Ɗiyata,

Ta dawo. Abin da aka ɗauka lokacin ciwon ne kawai babu, saboda haka a cikin akwatin, Innarki lahiyarta lau, har tana dariya.

Da sahe ta ce kada in yi mata wayo. Na ce, "Yaushe na taɓa?" Akuya ce kaɗai ta ji.

Akwatin na nan tsirara, yana shan iska. Ƙyallen na ƙarƙashin matashina.

Yaushe za ki zo?

Allah shi yi miki albarka. Babanki, Tahiru