Muryar da Matan Batagarawa Suka Zaɓa

Daren Laraba, Ƙofar 'Yandaka

Ƙafafuna har sun kumbura, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Tun safe muke ɗaukar sanarwar allurar ƙyanda, wadda za a riƙa sakawa a lasifika ƙauye-ƙauye. Malam Sabo, shugabanmu da aka turo daga Kano, sau uku yana katse ni. "Sista Binta, lafiya ake cewa, ba lahiya ba. Zauna, ba zamna ba." Raina ya sosu, don irin dariyar da na sha a makarantar jinya ke nan. Na daure na sake yadda yake so.

Bayan azahar muka kunna wa matan Batagarawa da suka zo awon ciki duka biyun, ta farkon da gyararriyar. Wata dattijuwa ta saurari gyararriyar, ta ce, "Wannan ta gwamnati ce." Da aka sa ta farkon, sai ta gyara zama. "Yawwa, wannan ɗiyarmu ce. In ita ta ce a kawo yara, a kawo su."

Malam Sabo ya ce a goge gyararriyar. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Gobe muryata za ta shiga ƙauyen Innata, yadda ta koya mini magana.