Takun Da Ba Nawa Ba

Zuwa ga 'yata Mashkura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Muktar, da karatun likitanci a can Alƙahira. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa ki gama da albarka. Yayanki Nazeer ya samu ƙarin girma a ma'aikatarsu, yanzu ko gaisuwa da Turanci yake yi mini.

Na zaɓi takarda ne saboda takarda ba ta katse mutum da faɗa. Kin san agogon da kika aiko mini, mai ƙirga taku da bugun zuciya, yana kai miki rahoto a waya. Wata uku kina yabona, wai taku dubu tara kullum. To Mashkura, ubanki da ya sauka a aji huɗun firamare ya yi wa likita wayo. Ni daga kujerar shagona a Wuse sai masallaci, sai wajen mai tsire. A hannun mahaifiyarki nake ɗaura shi kowace safiya, ta tafi da shi cefane kasuwar Utako. Na ce mata ado ne, ta ce ta san halina, amma ta miƙo hannun.

Ranar Talatar da kika kira kina kuka, kika ce zuciyata ba ta bugawa daidai, in tafi asibiti yanzu-yanzu, na ce to, na ajiye waya ina dariya. Sai na juya na ga mahaifiyarki zaune kan tabarma tana haki, agogon a hannunta. Nan take na kai ta asibiti. Ashe ta daɗe tana jin jiri tana ɓoyewa, wai kada ta tayar mana da hankali.

Likitar, Dakta Felicity, ta ce mun zo da wuri. An ɗora ta kan magani, kuma wallahi tana samun sauƙi, ki kwantar da hankalinki. Ni ma ta auna ni, ta kalli tumbina, ta ce da a hannuna agogon yake da tuni ya yi murabus. Yanzu bayan sallar asuba mukan zaga unguwa tare da mahaifiyarki, ita a gaba, ni a baya ina istigfari.

Agogon na bar mata. Nawa takun kuwa ita ke ƙirgawa, kuma ba a yi mata wayo.

Ki gaida Muktar. Mahaifiyarki da Nazeer da ƙanwarki Zulai suna gaishe ki. In kin kira, ki fara jin muryarta, sannan ki yi mini faɗan, na shirya.

Ubanki mai laifi,
Sale Ɗangoggo